Giya da keke: yadda ta kashe zakaran tsere a Faransa, da abin da doka ke cewa yau

Keke dokin talaka ne. Duk wanda ya yi sammako a babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako ta Yamai, ya san adadin kayan da ke shiga gari a bayan keke: burodi, kaji, itace, ƙanƙara, ganye, bido-bido na ruwa. Da yake ba shi da inji, ba a neman permi kafin a hau shi, mutane da yawa sun ɗauka cewa maganar maye da tuƙi ta masu mota da babura ce kawai. To a ƙasashen Turai, inda tseren keke ya zama sana'a ta miliyoyin kuɗi, an shafe shekaru fiye da 60 ana haɗa giya da keke a fili, har sai da aka yi asarar rai a gaban idon duniya kafin hukuma ta farka. Wannan labari ne muka kawo muku, tare da bayanin abin da giya ke yi wa jikin mai keke, da hukuncin da ƙasashe dabam-dabam suka tanada, da kuma inda zancen ya shafe mu, mu da dukiyarmu.

Tseren da aka ƙirƙiro don ciniki

Babbar gasar keke ta duniya, wato Tour de France, dabarar kasuwa ce tun asalinta. A shekarar 1903 wata jaridar wasanni mai suna L'Auto, ƙarƙashin shugabanta Henri Desgrange, ta ga abokiyar gabarta ta fi ta ciniki, sai ta shirya tseren zagaya ƙasar Faransa don mutane su riƙa sayen jarida suna bin labari. Dabarar ta ci. A wannan karo na farko an raba tafiyar kilomita 2428 zuwa zango 6, ke nan kowane zango ya kai kimanin kilomita 400. Mutum 60 suka tashi, 21 kawai suka kai ƙarshe. Wanda ya zo na ɗaya, Maurice Garin, tsohon mai sharar bututun hayaƙi ne a gidajen mutane.

Galibin masu tseren wancan zamani ƴaƴan talakawa ne, manoma da leburori da masu haƙar kwal, waɗanda suka ga keke a matsayin hanyar fita daga talauci. Hanyoyi ba kwalta, kekuna masu nauyi, ana tashi cikin dare a wuni ana tafiya. Mutum ya yi awa 15 ko fiye a kan sirdi, cinya ta yi ciwo, mazauni ya tsage. Abin da suke nema shi ne wani abu da zai kashe musu zafin ciwo, kuma mafi sauƙin samu shi ne giya. A Faransa ta lokacin ana ɗaukar giyar inabi kamar abinci ce, ana sha a gona da masana'anta, wasu ma sun fi yarda da ita bisa ruwan rijiyar ƙauyen da ba su sani ba. Saboda haka ba wanda ya ga abin mamaki in mai tsere ya tsaya a gefen hanya ya daga kwalba.

A 1924 wasu ƴan uwa biyu, Henri da Francis Pélissier, suka yi fushi da masu shirya gasar suka janye. Wani shahararren ɗan jarida, Albert Londres, ya same su a wani gidan shan gahawa a garin Coutances, inda suka zazzage masa abin da ke cikin jakarsu: hodar iblis, maganin sa barci, da ƙwayoyi iri-iri. Labarin ya girgiza Faransa, amma ba abin da ya canja, don babu wata doka da ta hana.

A 1935 kuwa har tarko aka yi da giya. Ana zango tsakanin Pau da Bordeaux cikin tsananin zafi, sai masu tsere suka hangi teburori a bakin hanya cike da kwalaben giya mai sanyi. Kusan duka suka yi birki suka far wa teburin. Mutum ɗaya, Julien Moineau, bai tsaya ba, ya wuce abinsa, ya kai Bordeaux da ratar kimanin minti 15. Daga baya aka riƙa cewa abokansa ne suka jera teburin da saninsa. Ko ɗan kasuwa ya san irin wannan dabara: ka bar abokin takara ya shagala, kai ka kama hanya.

Ɗan Aljeriya da ya juya baya

Labarin da ya fi yawo a bakin mutane shi ne na Abdel-Kader Zaaf, ɗan ƙasar Aljeriya, a gasar 1950. Lokacin Aljeriya na hannun Faransa, an kuma haɗa ƙungiya guda ta ƴan Afirka ta Arewa. A zango na 13, daga Perpignan zuwa Nîmes, rana ta buɗe sosai, Turawa suka yi laushi, sai Zaaf da abokinsa Marcel Molinès, waɗanda suka saba da zafi, suka tsere wa kowa. Saura kaɗan a kai, Zaaf ya fara tangaɗi, ya faɗi. Ƴan kallo suka jingina shi a gindin itace. Da ya farfaɗo ya hau kekensa, sai ya kama hanyar da ya fito, ya nufi baya. A ƙarshe motar asibiti ce ta ɗauke shi, Molinès ya ci zangon.

Jaridun lokacin sun ce wani ɗan kallo ne ya miƙa masa kwalbar giyar inabi, shi kuwa Musulmi ne da bai saba da ita ba, sai ta buge shi. Wasu masu bin tarihin gasar sun ce ba haka ba ne: zafin rana ne da ƙwayoyin ƙara kuzari suka kayar da shi, giyar kuwa manoman inabi ne suka yayyafa masa don ya farfaɗo, shi ya sa aka ji warinta a jikinsa. Ko wanne ne gaskiya, abin lura shi ne yadda aka ɗauki lamarin: dariya aka yi, Zaaf ya yi suna, aka riƙa gayyatarsa ƙananan gasa ana biyansa. Ba wanda ya tsaya ya ce wannan mutum ya kusa mutuwa.

Ranar 13 ga Yuli 1967

A shekarun 1950 da 1960 akwai wata gurguwar fahimta tsakanin masu horarwa, wai yawan shan ruwa yana sa mai tsere nauyi. Dokar gasar ma ta taƙaita ruwan da ake ba mutum, ba a yarda motar ƙungiya ta riƙa miƙa masa gora yadda ya so ba. Sai ƙishirwa ta haifi wata al'ada da suke kira farautar kwalba: in an shiga ƙauye, yaran ƙungiya su yi tsalle daga keke, su kutsa cikin mashaya, su kwashi duk abin da hannu ya kai, lemo ne, giya ce, barasa mai ƙarfi ce, su cusa a riga su fita ba biya. Mai shago sai dai ya bi masu shirya gasa da lissafi.

A cikin wannan hali ne Tom Simpson, ɗan Ingila, ya zo gasar 1967. Ba ƙaramin mutum ba ne: shi ne ɗan Ingila na farko da ya sa rigar ɗorawa ta jagoran gasar a 1962, ya kuma zama zakaran duniya a 1965. Yana da shekara 29, da mata da ƴaƴa biyu, yana kuma neman sakamako mai kyau don ya sami kwangila mai tsoka. Kwanaki kafin ranar yana fama da ciwon ciki da zawo, jikinsa ya riga ya bushe, amma ya ƙi janyewa.

Ran 13 ga Yuli aka tashi daga Marseille za a je Carpentras, ta kan dutsen Ventoux, mai tsawon mita 1900 da ƴan kai, wanda samansa farin dutse ne fayau, ba itace ba inuwa. Rana ta yi zafi ƙwarai. Kafin a fara hawan dutsen Simpson ya kurɓi barasa mai ƙarfi. Da aka yi nisa sai aka ga yana yawo daga wannan gefen hanya zuwa wancan. Saura kimanin kilomita guda ya kai ƙololuwa ya faɗi. Aka tashe shi aka mai da shi kan keke, ya ƙara ƴar tafiya, ya sake faɗuwa, hannuwansa na riƙe da kan keken gam. Likitan gasar, Pierre Dumas, ya yi ta ƙoƙarin dawo masa da numfashi a bakin hanya, jirgi mai saukar ungulu ya kai shi asibitin Avignon, amma rai ya yi halinsa.

Binciken gawa ya nuna akwai ƙwayar amfetamin da barasa a jikinsa, an kuma sami kwalaben ƙwayar a aljihun rigarsa. Likitoci suka ce zuciya ce ta gaza saboda gajiya da zafi, ƙwaya da barasa kuwa su suka rufe masa ƙofar jin gargaɗin jiki. Wannan shi ne asalin haɗarin: gajiya da ciwo ƴan aike ne da ke ce wa mutum ya tsaya. Wanda ya kashe ɗan aike bai kashe saƙon ba.

Faransa ta riga ta yi dokar hana ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni tun 1965, an kuma fara awo a gasar 1966, inda masu tsere suka yi bore suka sauka suna tura kekunansu da ƙafa. Mutuwar Simpson ce ta sa aka ɗauki abin da gaske. Gasar 1968 daga garin Vittel aka tashe ta, garin da ya yi suna da ruwan sha na kwalba, aka kuma tsananta awo. Yau mai tsere yakan sha gora bayan gora a wuni ɗaya, akwai ma yaran ƙungiya da aikinsu shi ne komawa mota su ɗebo wa manya ruwa.

Kuɗin masu giya

Ƴan kasuwa za su tambaya: wa ke cin riba? Amsa ita ce kamfanonin giya sun daɗe da gane cewa rigar mai tsere allon talla ce mai yawo. Jacques Anquetil, wanda ya ci Tour de France sau 5 tsakanin 1957 da 1964, ya yi shekaru yana sanye da sunan Saint-Raphaël, wata barasa da ake sha kafin abinci. Kamfanin giya na Pelforth yana da tasa ƙungiya. Kamfanin Pernod ne ke ba da kyautar gwarzon shekara, har zuwa 1987 lokacin da dokar Faransa ta taka wa abin birki. A watan Janairu na 1991 aka yi dokar da ake kira Évin, da sunan ministan lafiya na lokacin, wadda ta hana tallar giya a talabijin, ta kuma hana kamfanin giya ɗaukar nauyin wasanni a Faransa.

A wasu ƙasashe abin na nan. A Holan akwai gasar Amstel Gold Race, da ake yi tun 1966, sunan giya ne take ɗauke da shi, wanda ya ci kuma ana miƙa masa babban kofin giya a kan dandamali. A Italiya ana ba wanda ya ci zango ƙatuwar kwalbar giya mai kumfa ya fesa. Wannan al'ada ce ta cuci ɗan Afirka a 2022. Ran 17 ga Mayu, Biniam Girmay na ƙasar Eritiriya, yana ɗan shekara 22, ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya ci zango a ɗaya daga cikin manyan gasa uku na duniya, a gasar zagaya Italiya, a garin Jesi. Da ya sunkuya zai buɗe kwalbar, sai murfin ya yi tsalle ya buge shi a idon hagu. Daga dandamali sai asibiti, washegari bai iya ci gaba da gasar ba. Haka ta raba shi da gasarsa. Allah ya taimake shi idon ya warke, a 2024 ya ci zango 3 a Tour de France ya kuma tafi da koriyar riga.

Wani abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a dokar wasanni ta duniya giya ba ta cikin abubuwan da ake kama mai tseren keke da su. Hukumar duniya mai yaƙi da ƙwayoyi a wasanni, AMA, a da ta hana ta ne a ƴan wasanni kaɗan kamar harbin baka da tseren mota, a 2018 kuma ta cire ta daga jerin gaba ɗaya ta bar wa kowace ƙungiya ta yi dokarta. Dalili shi ne an tabbatar giya ba ta ƙara wa mai keke gudu ko kaɗan, rage masa take yi. Mai tseren yau da ake biya miliyoyi, ba tsoron hukuma ke hana shi sha ba, tsoron asarar aikinsa ne.

Abin da take yi wa jiki

Likitoci sun bayyana hanyoyi huɗu da giya ke cutar mai keke.

Na farko, tana sa yawan fitsari, don tana danne sinadarin da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa. Mutumin da ke zufa a rana, ya ƙara da wannan, jikinsa na bushewa ta hanya biyu. Mu da muka san zafin watan Afrilu da Mayu ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Na biyu, hanta ce ke sarrafa giya, ita ce kuma ke sakin sukari cikin jini lokacin aikin ƙarfi. In ta shagala da giya, sai sukari ya yi ƙasa, ƙafafu su mutu, ido ya yi duhu, musamman ga wanda ya sha da yunwa.

Na uku, tana taɓa sashen ƙwaƙwalwa da ke riƙe daidaiton jiki. Mota ƙafa huɗu gare ta, ko direba ya yi tangaɗi tana tsaye. Keke kuwa mai shi ne ke riƙe da shi kowane lokaci, balle in an ɗora masa buhu ko kwandon ƙwai a baya.

Na huɗu, tana jinkirta hankali, ta kuma ƙara wa mutum ƙarfin hali na ƙarya. Mai tafiyar kilomita 20 a awa yana cin mita 5 da rabi a daƙiƙa guda. In ya makara da daƙiƙa ɗaya wajen kama birki, ya riga ya wuce tsawon mota. A cikin wannan tazara ce yaro ke tsallaka hanya, a cikinta ce mai tuyar ƙosai ke zaune da kaskon mai.

Wani bincike da masana na jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka fitar a 2001 ya nuna cewa mai keken da ke da giram 0,8 na barasa ko fiye a litar jini, haɗarin ya mutu ko ya yi mummunan rauni ya ninka sau 20 bisa wanda bai sha ba. In aka haɗa duk masu giram 0,2 zuwa sama, ma'aunin da kofi guda ke iya kawowa, nasu ya ninka fiye da sau 5. Sannan jiki ba ya fitar da barasa da sauri, abin da ke raguwa a awa guda bai wuce giram 0,10 zuwa 0,15 ba. Gahawa, shayi mai kauri, goro, wanka da ruwan sanyi, ba ɗaya da ke gaggauta wannan. Wanda ya sha da yawa da tsakar dare yana iya wayar gari da sauran maye lokacin da ake ɗora masa kaya.

Abin da doka ke cewa

A Faransa mai keke direba ne a idon doka, ma'auninsa ɗaya da na mai mota: giram 0,5 a litar jini, iyakar da aka sa tun 1995. Jandarma na da ikon tsayar da shi ya hura na'urar awo. Daga 0,5 zuwa ƙasa da 0,8 tara ce ta yuro 135, wato jikka 88 da rabi na kuɗinmu. Daga 0,8 zuwa sama babban laifi ne da ke kai mutum gaban alƙali, da tarar miliyoyin sefa, har da ɗauri. Alƙali na iya dakatar masa da permin mota ko da yake a kan keke aka kama shi.

A Jamus an ɗaga wa mai keke ƙafa, iyakarsa 1,6 ce. Amma in an gan shi yana tangaɗi ko ya yi haɗari, daga 0,3 ma ana iya gurfanar da shi. Wanda ya kai 1,6 kuwa ana tura shi gwajin likita da na masu nazarin hali, in ya faɗi a karɓe permin motarsa.

A Ingila ba a sa adadi ba. Dokar hanya ta 1988 ta ce laifi ne mutum ya hau keke alhali giya ko ƙwaya ta hana shi iya sarrafa shi, tara na iya kai fam 1000. Akwai kuma tsohuwar doka ta 1872 da har yanzu ba a soke ba, wadda ta haramta wa mashayi jan keken doki, ko hawan doki, ko kora shanu a kan hanya. Ke nan tun kafin mota ta zo an san abin hawa ba ya buƙatar inji kafin ya yi ɓarna.

Ƙasar Polan ta gwada tsanani. Daga shekarar 2000 ta mai da hawan keke cikin maye laifin da ke kai mutum kurkuku har shekara guda. A 2009 mutum kusan 2000 ne ke tsare saboda wannan, da yawansu mutanen ƙauye da ba su da wani abin hawa. Gidajen kaso suka cika, sai a 2013 aka sassauta, aka koma tara ko tsarewa ta ƴan kwanaki.

Japan kuwa ta tsananta dokarta. Tun 1 ga Nuwamba 2024, wanda aka kama a kan keke da barasa a numfashi yana iya shan ɗaurin shekara 3 ko tarar yen dubu 500, abin da ya doshi miliyan 2 na sefa. Dokar ba ta tsaya kansa ba: wanda ya ara masa keken yana sane, hukuncinsu ɗaya, wanda kuma ya ba shi giyar yana iya samun shekara 2 ko tarar yen dubu 300. Masu karatu za su tuna cewa addinin Musulunci ya riga ya bi wannan hanya, domin bayan haramcin da ke cikin Suratul Ma'ida, hadisi ya haɗa mai sha da mai sayarwa da mai ɗauka da mai cin kuɗinta cikin laifi guda.

Tramol, ƙanwar giya

Yau abin da ya maye gurbin barasa a aljihun wasu masu tsere shi ne maganin kashe ciwo mai suna tramadol, wanda mu nan muka sani da tramol. Dalilin shansa ɗaya ne da na mutanen 1903: a daina jin ciwo a ci gaba da aiki. Da aka ga yana sa jiri da gyangyaɗi a tsakiyar ayarin mutum 150 masu gudu kafaɗa da kafaɗa, hukumar keke ta duniya, UCI, ta hana shi daga 1 ga Maris 2019. A 2022 Nairo Quintana na Kolombiya ya gama Tour de France a matsayi na 6, aka sami tramol a jininsa, aka soke sakamakon, ya ɗaukaka ƙara bai yi nasara ba. Daga Janairu 2024 AMA ta hana shi a duk wasanni lokacin gasa.

A nan ne labarin Turai ya iso ƙofar gidanmu. Kowa ya san tramol ya shiga tsakanin matasa masu aikin ƙarfi, masu dako, masu tura kura, ƴan kabu-kabu, da masu kai kaya a keke. Wanda likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100, na bayan fage kuwa ana samun 200 har 225. Yana kawo farfaɗiya, yana kama mutum ya kasa bari, in kuma aka haɗa shi da giya yana iya tsayar da numfashi. Hukumar OCRTIS na kama masu fataucinsa, amma kamu kaɗai ba zai ƙare shi ba muddin akwai yaron da ake ɗora wa aikin mutum biyu a kuɗin mutum ɗaya. Simpson ma neman kwangila ne ya kai shi.

Mu nan gida

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1,19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babura, kuma Afirka ce ke kan gaba in aka kwatanta da yawan jama'a. A Nijar muna da dokar hanya ta 2014, da hukumar ANISER mai kula da kiyaye haɗurra. Dokar hukunta laifuka kuma ta tanadi hukunci ga duk wanda ya raunata ko ya kashe wani bisa sakaci, ba ta tambaya ko mota ce ko keke ko amalanke. Masu fatauci zuwa Katsina da Kano su kuma tuna cewa da an tsallaka iyaka an shiga jihohin da ke aiki da shari'ar Musulunci tun farkon shekarun 2000, inda shan giyar kansa laifi ne ga Musulmi, ko a kan keke yake ko a ƙasa.

Amma kafin magana ta kai kamisariya, asarar ta riga ta faɗa kan ɗan kasuwa. Keke ba shi da inshora. In kwandon ƙwai ya fashe, ko buhun gari ya zube a kwata, uwar kuɗi ce ta tafi. In yaron shago ya buge wani, wurin maigidansa iyayen za su zo. Mata masu kasa kaya a bakin titi kuwa, su da goyonsu su ne na farko da abin ke faɗa wa.

Saboda haka, Alhaji, kafin ka ɗora wa yaro kaya, dubi idonsa ka ji maganarsa. Hajiya, in mai kabu-kabu ya tsaya kika ga ido ja, baki na nauyi, ko yana surutu ba kai, ki bar shi ya wuce, jiran minti biyar ya fi jinyar wata biyar. Masu shago su duba kwalabe da ƴan ledojin da ake kawo musu da sunan maganin gargajiya ko na ƙarin ƙarfi: in an rubuta lamba da alamar % vol a jiki, to barasa ce a ciki, ko da wane suna aka ba ta. Wanda ke da yaran aiki ya ba su ruwa da abinci da lokacin hutu, ya rage musu lodi a tsakiyar rana, domin yaron da ya ƙoshi ya huta ba ya neman ƙwaya. Shugabannin ƴan kasuwa da na ƴan kabu-kabu kuma suna da ikon da jandarma ba shi da shi, don su suka san kowa da sunansa, suna iya hana wanda ya sha ɗaukar kaya ko fasinja a ranar.

Wasu za su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma wanda ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali shi ya bi koyarwa. A gefen hanyar dutsen Ventoux akwai dutsen tunawa da aka kafa inda Simpson ya faɗi, har yau masu keke na tsayawa su ajiye gorar ruwa a gindinsa. Turawa sai da suka binne zakaransu kafin su gane cewa ruwa mai keke ke bukata. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu, ya shirya mana zuriya, amin.